Insha'in da Malama Fibi Ta Mayar Mini

Ku da kuke karanta wannan labari a waya, fanka tana kaɗa ku, ku yi mini haƙuri in na riƙa jan magana. A zamanin da nake ba ku labarinsa Yola tana cikin Jihar Arewa maso Gabas, duk takardar da ta isa takarda sai ta je Maiduguri ta dawo. Shekarar da aka mayar da motoci hannun dama ce, a tsakiyar bazara, irin zafin nan namu da ruwan randa kan koma kamar an ɗora shi a wuta.

Sunana Raliya. Shekaruna ashirin da uku a lokacin, aurena ya mutu, ina zaune a cikin garin Yola wajen Goggo Asta, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Kuma a gajiye nake. Ba gajiyar daka ko ɗiban ruwa ba, irin wadda mutum zai kwana ya tashi ya tarar da ita zaune a bakin gado tana jiransa.

Abu biyu ne a gabana. Na farko makarantar ungozoma da nake neman shiga, wadda ta ce kowace mai nema ta aiko da insha'i shafi biyu a kan wani abu da ya faru da ita ya canja mata rayuwa. Na biyu kuwa Malam Hamajoɗa, da ke neman aurena.

Malama Fibi ce ta koyar da ni a firamare. Mutuniyar Numan ce, doguwa, ba ta rabo da tabarau mai igiya, kuma Hausarta irin ta Jimeta ce, mace da namiji duk hanyarsu ɗaya a bakinta. Ta ce in fara rubutawa da Hausa, in ya tsaya da ƙafarsa sai mu juya shi zuwa Turanci tare. Na ɗaura atamfata mai ganyen taba, na yafa farin gyale, na shiga bas zuwa gidanta a Karewa, takardata a ninke cikin jaka.

Ranar samun 'yancin kai na rubuta. Yadda aka jera mu a fili muna yara, aka ba kowa tuta kore da fari da kofi, aka dafa mana shinkafa da nama.

Ta karanta a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ta sauke tabarau ya faɗo kan ƙirjinta.

"Rubutunki mai kyau, Raliya. Kuskure ba yawa."

Na fara murmushi.

"Amma duk wanda ya zo nan, tuta da shinkafa yake kawo mini. Na ƙoshi da shinkafa."

"Malama, ai babbar rana ce."

"Babban rana ne, ban ƙi ba. Najeriya ya samu 'yanci. Ke me ya same ki? Na duba daga sama har ƙasa, ban gan ki a ciki ba. In na goge sunanki na sa na Talatu, wa zai sani?"

Na karɓi takardata na ninke. A raina na ce, kuɗin mota ne ya tafi a banza, ga zafi, ga kaina yana sarawa.

Na dawo gida na tarar da Goggo ta jawo rediyo ƙarƙashin rumfa, ta ƙure murya, maƙwabta biyu sun leƙo ta kan danga. Shirin gaishe-gaishe ake yi daga Kaduna. Ku yanzu saƙo kuke turawa ya shiga aljihun mutum ba wanda ya ji. Mu a lokacinmu kati ake aikawa, a karanta duk Arewa tana saurare.

"Hamajoɗa malamin dabbobi daga Jimeta yana gaida Goggo Asta a Yola, da wata mai suna da harafin Ra, ya ce a gaya mata zafin bazara ba ya hana damina zuwa."

Maƙwabta suka kwashe da dariya. Goggo ta dube ni tana gyara goron da ke kuncinta.

"Kin ji ko? Har Kaduna an san da zancen nan. Ke kuma kina yawo da takarda a rana kamar masinja."

"Goggo, ruwa zan sha."

"Sha. Amma ki ji da kyau. Bayan Sallah za a mayar da shi Maiduguri, ya ce yana so a ɗaura kafin ya tafi. Mutum mai albashi, mai babur, bai taɓa aure ba, ya tsallake 'yan mata ya zo kanki. Me kike jira? Sarki?"

Gaskiya ban da abin da zan ce a kan Hamajoɗa. Mutumin Song ne, aiki ya kawo shi Jimeta, ya zo da mahaifiyarsa don shi kaɗai ne ɗanta namiji. Siriri ne, mai yawan shiru, kullum farar taguwa da hula zanna, kullum kuma da ɗan warin maganin shanu a hannunsa komai sabulun da ya sa. In ya zo zance ba ya cika ni da daɗin baki. Sai ya ba ni labarin wata saniya da ta ƙi shan magani, ya yi dariya shi kaɗai, ya ajiye mini mangwaro ya tafi. Ina son zuwansa. Abin da ya dame ni ke nan.

Da maƙwabta suka watse, Goggo ta rage muryar rediyo, ta rage tata.

"Abin da ya wuce ya wuce. Na gaya wa su Hamajoɗa kin yi ciki bai zo da rabo ba. Iyakarta ke nan. Kar in ji kin ƙara ko wasali."

To bari in gaya muku abin da Goggo ba ta so a ƙara. Aurena na farko a wani ƙauye aka yi shi, ƙetaren Binuwai. Naƙuda ta zo mini da damina, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai da aka ɗauko ni a kwale-kwale zuwa asibiti a Jimeta aka yi mini aiki. An ciro yarinya da ranta. An raɗa mata suna. Ba ta kai arba'in ba ta koma. Likita ya ce da wuya in sake haihuwa, kuma da wannan magana ta kai kunnen dangin mijina, igiyar auren ba ta ƙara shekara ba. A gidanmu kuwa 'yar fari ba a ambatonta ko tana raye, balle ta mutu. Uwa ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta yi mata kuka. Goggo kalma ɗaya ta ba ni da Fulatanci ranar da aka dawo daga maƙabarta, munyal, wato haƙuri. Na karɓa na haɗiye, shekara uku tana nan a maƙogwarona.

Don haka da na zauna rubutu na biyu, a kan haƙuri na rubuta. Na zuba karin magana kamar ana rabo. Mahaƙurci mawadaci. Bayan wuya sai daɗi. Na ce na taɓa shiga wani hali mai tsanani, na yi haƙuri, Allah ya fitar da ni.

Wannan karon Malama Fibi ba ta ma kai ƙarshe ba.

"Wa'azi ne wannan. Liman yana nan, fasto yana nan, ba su ce sun gaji ba."

"Malama, ni fa na rasa abin da kike so."

"Ba ni nake so ba. Wane hali ne mai tsanani? A ina? Wa yana wurin? Kin rufe shi da zani kin ce in yaba kyaunsa."

Na ce, "Akwai abin da ba a faɗa."

Ta tashi ta shiga ciki, ta fito da kunun gyaɗa a kofin silba ta miƙo mini, ta zauna kusa da ni a kan benci, ba a kujerarta ba.

"Ba dole. In kin ga ba za ki iya ba, mu gyara na shinkafa mu aika, wataƙila su ɗauka. Amma in za ki rubuta na gaskiya, ji yadda ake yi. Kar ki ɗauko duk rayuwarki, shafi biyu ba zai ɗauka ba. Zaɓi wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Gaya mini abin da idonki ya gani, abin da hannunki ya taɓa, abin da wani ya ce da bakinsa. Kar ki ce mini kin ji baƙin ciki. In kin faɗi abin daidai, ni zan ji da kaina."

"In na ɗauki biro sai kaina ya kulle."

"To ajiye biro. Nemi mutum ɗaya ki faɗa masa da baki, kamar hira. Yadda ya fito daga bakinki, haka za ki rubuta."

"Ke fa, Malama? In faɗa miki?"

Ta girgiza kai. "Ni malaminki ne. Za ki gyara magana don ki ci maki."

A cikin bas ina tafe ina lissafa mutanen da zan iya faɗa wa. Goggo ba ta cikin lissafi. Ƙawayena duk suna gidajen mazansu da goyo a baya, in na shiga sai su riƙa sauke murya kamar marar lafiya ta zo. Har muka iso Yola sunan mutum ɗaya ne ya rage, kuma shi ne wanda aka hana ni gaya wa.

Ranar Alhamis, ranar da Hamajoɗa ya saba zuwa, bayan la'asar na ji ƙarar babur ɗinsa. Goggo da kanta ta zaɓo mini kaya, leshi ruwan ƙwai da ta ajiye a ƙasan akwati, ta sa ni na zizara kwalli, ta ɗiga mini turare a bayan kunne.

"Ki saki fuska. In ya tambayi rana, ki ce duk yadda manya suka yanke."

Na same shi a zaure a kan tabarma, ya cire takalma ya jera su a gefe. Muka gaisa. Ya tura mini ƙullin mangwaro.

"Kin ji saƙona a rediyo?"

"Duk unguwa ta ji."

Ya yi dariya ya sunkuyar da kai. "Ya rubutun? Malamar ta karɓa?"

"Ta mayar mini. Sau biyu."

"Me ta ce?"

"Ta ce ba na ciki."

Na dubi ƙofar cikin gida, na ga inuwar Goggo ta wuce wajen murhu. Na ce a raina, Raliya, in kika buɗe baki, babur ɗin nan ba zai sake tsayawa a ƙofar gidan nan ba. Sai kuma na ji gajiyar nan ta danne ni gaba ɗaya, na ga ba zan iya ɗaukarta in kai ta Maiduguri ba.

"Malam, an ce maka na yi ciki bai zo da rabo ba."

"Haka aka ce."

"Ba haka ba ne. Na haihu. Mace."

Bai motsa ba. Ni kuma ban dube shi ba, saƙar tabarma nake kallo. Na fara daga asibiti, ban san dalili ba. Na gaya masa yadda na farfaɗo na ji warin magani, cikina kamar an ɗora dutse. Dangin mijina sun cika bakin gado suna karɓar jaririya hannu zuwa hannu, ni na juya fuska bango don kunya, ko kallonta ban yi ba. Da suka fita salla, sai wata ungozoma, gajeruwa mai tsagar Bachama, ban ma san sunanta ba, ta zo ta ja labule ta kewaye gadon. Ta ɗauko yarinyar ta ɗora mini a ƙirji. Ta ce, "Riƙe shi. Naki ne. Ba wanda yana gani." Ta tsaya a bayan labule tana gadi. Na buɗe zanin na ƙirga yatsunta. Tana da ɗan baƙin tabo a bayan kunnen hagu. Ta kama tsakiyar murjanin da ke wuyana ta ƙi saki. Na yi mata magana, na ce mata sannu da zuwa.

Na gaya masa ranar da ta rasu, mata sun cika ɗaki ana gaisuwa, ni ina amsawa da alhamdu lillahi, nono yana zuba yana jiƙa mini riga, ina jan mayafi ina rufewa kar a gani. Sannan na gaya masa abin da likita ya ce.

Da na gama, sai na jiyo kukan tattabarun maƙwabta. Na jira ya ce Allah ya jiƙanta, ya nemi takalmansa.

Ya ce, "Wane suna aka sa mata?"

Shekara uku ba wanda ya yi mini wannan tambaya. Na buɗe baki sunan ya ƙi fita, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe ta kumbura. Sai a karo na biyu.

"Hansai."

"Hansai," ya maimaita a hankali. "Allah ya sa mai ceto ce."

Hawaye suka wanke kwallin da Goggo ta sa ni na zizara. Bai ce in yi shiru ba. Ya bari sai da na tsagaita.

"Raliya, ba zan yi miki ƙarya ba. Ni abin da ke raina bai canja ba. Amma Dada, mahaifiyata, tana ƙirga jikokin da ba a haifa ba tun ina makaranta. Ba zan ɓoye mata ba, kuma ban san abin da za ta ce ba."

"Na sani."

Ya sa takalmansa. Na ji babur ya tashi, na bi ƙararsa da kunne har ta ɓace.

Washegari bayan sallar asuba na zauna a bakin ƙofar ɗakina, na ɗora takarda a kan murfin akwati. Ban nemi karin magana ko ɗaya ba. Na fara da warin magani, na bi ta kan labule, na rubuta maganar ungozomar nan yadda ta faɗe ta, ban gyara mata Hausa ba. Kafin Goggo ta gama dama kunu na cika shafi biyu har na ɗan gota.

Na kai wa Malama Fibi ta karanta. Ta kai ƙarshe ta koma farko. Ta cire tabarau ta goge da bakin zaninta, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta ɗauki jan biro ta ja layi a kan sakin layi na ƙarshe, inda na ce wannan ya koya mini cewa duniya makaranta ce.

"Wannan ba ya aiki. Kin riga kin gama a nan." Ta ɗora yatsa a inda na rubuta cewa ina so in zama mai jan labule ga wata. "Ranar Litinin mu fara juya shi. Turancin zai ba mu wahala, amma ba komai."

Da a ce labari a nan yake ƙarewa, da na ji daɗi. Amma Alhamis ta zagayo babur bai zo ba. Goggo ta leƙa zaure ta dawo, ta sake leƙawa. Da magariba ta tsare ni a bakin randa.

"Me kika gaya masa?"

"Gaskiya."

Ta ajiye moɗa a hankali. Na zaci faɗa za ta yi, da ma shi ya fi mini sauƙi. Sai ta zauna a kan turmi, na ga tsufanta ya fito fili.

"Ni ma na binne uku, Raliya. Ban taɓa kiran sunan ko ɗaya ba. Kina tsammani don ba na so ne? Rufa miki asiri nake yi. Wa zai riƙe ki in na mutu? Takarda?"

Muka ci tuwo a kwano ɗaya ba mai magana. Ta daina kunna rediyo.

Ranar Asabar da hantsi ina ɗaki ina ninke kaya, na ji sallama a tsakar gida, muryar tsohuwa wadda ban sani ba. Na leƙa ta gefen labule. Wata farar dattijuwa ce siririya, cikin baƙin saƙi da farin mayafi, da carbi a hannu, ƙafafunta sun yi furu-furu da ƙurar hanya. Ko ba a faɗa mini ba, hancin da goshin na Hamajoɗa ne.

Goggo ta rikice, ta jawo sabuwar tabarma, ta kawo ruwa a kwanon sha mai murfi, tana jero gaisuwa da Fulatanci. Tsohuwar ta amsa a taƙaice. Ba ta zauna ba, ba ta taɓa ruwan ba. Fuskarta ba fara'a, ba kuma fushi, na rasa inda zan ajiye ta.

"Gaisuwa ta isa haka," ta ce. "Ba wajenki na zo ba yau."

Ta juya tana duban ƙofofin ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, har idonta ya tsaya a kan nawa.

"Ina uwar Hansai?"

Goggo ta dafe ƙirji. Ni kuwa tunda nake ba a taɓa kirana da wannan suna ba, kuma ban san ko da alheri aka kira shi ba. Na gyara ɗaurin zanina, na ɗaga labule.

Na ce, "Ga ni, Dada."